Katakon Da Ban Ɗauke Ba Ranar Alhamis

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu da kuke ba da lokacinku ga damuwar mutanen da ba ku taɓa gani ba. Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah a ɓoye sunana, sannan ina roƙon duk wanda zai ce wani abu ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Na san akwai masu zagi a nan, na sha karanta su. Ba na jin akwai abin da za ku kira ni da shi wanda ban riga na kira kaina ba. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu kawai suka rage mini.

Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa a wata sakandare tsakanin Kura da Bunkure, na haura shekara hamsin da biyar. Kamar kowa a yankinmu, ina da 'yar gonata a bakin kanal, in an tashi daga makaranta na ajiye alli na ɗauki fartanya. Mutane suna ganina da mutunci. In an yi rigimar iyaka ni ake kira, in za a rubuta takardar yarjejeniya ni ake nema, kuma abin da aka fi yabona da shi shi ne kawaici. Wannan yabon ne ya kai ni inda nake yau.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, zan riƙa ce masa Yaya kamar yadda nake kiransa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, in aka yi tari a can muna ji a nan. Yaya bai yi boko ba, manomi ne tun daga kai har ƙafa, mai dariya da ƙarfi, mai son yara kamar me. Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Da aka yaye ɗana na fari, mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauke shi da kanta ta zagaya katangar nan ta ajiye shi a cinyar Yaya, ta ce riƙonsa ya koma can. Ban ce uffan ba, ai ba a magana a kan ɗan fari. A gidanmu alkunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a gabanka sai ka kawar da kai ka bari wani ya ɗaga shi. Ni kuwa da yake ina son a ce na iya, sai na ƙara gishiri a kan abin da aka koya mini. Yaron nan ya kusa shekara talatin yanzu, wallahi ban taɓa furta sunansa ba, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. In ina son kiransa sai in ce "kai". In ina magana a kansa sai in ce "ɗan gidan Yaya". Ko a wannan takardar yaron zan riƙa ce masa, don hannuna ma bai saba da sunan ba. Shi kuma Baba yake ce wa Yaya, ni yana ce mini Malam, kamar sauran ɗalibaina.

Kada wani ya ce ba na son sa. Wa zai gaya muku yadda nake ji in na hango su da safe a kan keke, Yaya yana tuƙi, yaron yana zaune a kan ƙarfen gaba yana zuba surutu? Ina tsaye a bakin gonata ranar da Yaya ya koya masa tayar da tiyo, wato robar nan da muke janyo ruwa da ita daga kanal zuwa gona. Ya nuna masa yadda zai nutsa ta cikin ruwa, ya toshe bakin da tafin hannu, ya fizgo ya saki. Yaron ya gwada ya fi sau goma ruwa na watsa masa a fuska, da ruwan ya kama ya fara zuba sai ya daka tsalle, Yaya ya ɗaga shi sama yana cewa, "Sarkin Noma ya tashi!" Daga ranar laƙabin ya bi shi. Yaron ya waiwayo ya dube ni, yana jiran in ce wani abu. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da cire ciyawa. Wani dattijo da ke wucewa ya ce, "Kai, Malam akwai kara." Na ji daɗin maganar, na koma gida da ita, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Yanzu ga abin da na yi. Shekara huɗu da suka wuce manoman layinmu suka zaɓe ni in riƙa kula da rabon ruwa. Ƙaramin kanal ne yake ba mu ruwa, gonaki sun kai ashirin a jere. Can wajen ƙarshen layin akwai wani shinge na siminti da ake zura masa katako. In katakon yana ciki ruwa ya tsaya ya taru, gonakin sama su sha. In aka ɗauke shi ruwa ya gangara zuwa gonakin ƙasa, waɗanda muke kira wutsiya. Saboda ana yawan cire katakon ba bisa ƙa'ida ba, aka sa masa sarƙa da kwaɗo, aka damƙa mini makulli, wai ni ne ba zan yi son kai ba. Gonar Yaya ita ce daf da shingen ta sama. Gonar yaron kuma tana can ƙarshen wutsiya, eka ɗaya ce da Yaya ya yanka masa don ya yi noman rani ya yi aure da abin da ya samu. Ya dasa shinkafa, ta yi kyau har mutane suna tsayawa kallo.

A bazarar shekarar ruwa ya yi ƙaranci, ciyawa ta cushe babban kanal, abin da ke iso mu bai taka kara ya karya ba. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaro muka tsara cewa sama su sha Litinin zuwa Laraba, wutsiya ta sha Alhamis. Ana shirin tashi sai wani Alhaji, abokin wasanmu ne, bakinsa ba ya shiru, ya ce, "To jama'a, sai mu yi ta addu'a, tunda makulli yana aljihun uban mai wutsiya." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wasa yake yi, na san wasa yake yi, ko minti biyar ba a yi ba ya manta ya faɗa. Ni ne ban manta ba. Kalmar "uban" nan ta tsaya mini a rai, don a iya sanina ba a taɓa jingina ni da yaron a bainar jama'a ba sai ranar.

Gonaki uku ne a wutsiya. Ɗaya mai albasa ne, ya riga ya cire. Ɗaya ya haƙa rijiyar burtsatse yana da injinsa, bai damu da kanal ba. Saura ta yaron kaɗai, shinkafarsa ta yi ciki tana fitar da kai, lokacin da in ta rasa ruwa ba ta yafewa. Ranar Alhamis bayan asuba na je shingen da makulli a hannuna. Na durƙusa, har na zura shi a kwaɗon. Sai na ɗaga kai na ga mutum biyu a kan hanyar kanal suna tahowa da fartanyu. Ba abin da suka ce mini sai gaisuwa. Amma ni abin da na ji a raina shi ne, ga Malam can da sassafe zai kwashe ruwan mutum goma sha bakwai ya tura wa ɗansa shi kaɗai. Me za a ce? Ina kawaicin da ake faɗa? Na zare makullin na mayar aljihu, na ce a raina bari in dawo daga makaranta tukuna, ai kwana ɗaya ba zai kashe shinkafa ba, in ma ta kama sai in ba shi wata Alhamis ɗin har da ƙari. Na hau babur na tafi na koyar da darasi huɗu kamar ba abin da ya faru.

Haƙƙinsa ne fa. Ba alfarma zan yi masa ba. Da gonar ta ɗan wani ce, wallahi da tun kafin rana ta fito na ɗauke katakon nan.

Da na dawo wajen azahar na tarar ruwa ya taru a bayan katako har yana neman ɓalle gefen kanal. Yaya, da yake gonarsa ce a wurin, ya ga in aka bari zai yi ɓarna, sai ya jefa tiyo shida ya janye ruwan zuwa cikin gonarsa. Yana ganina ya ce, "Ticha, ina ka shiga da makulli? Tun safe nake aike." Kafin in buɗe baki sai ga yaron ya biyo gefen kanal daga ƙasa, ƙafafunsa duk busasshen taɓo, ashe tun asuba yana zaune a bakin gonarsa yana jiran ruwa. Ya tsaya. Ya dubi katakon, ya dubi tiyo shida suna zuba, ya dubi gonar Yaya ta cika maƙil har tana tumbatsa. Ni bai ko dube ni ba, don a saninsa Malam ba ya karya doka, in katako bai ɗauku ba to babba ne ya hana.

Ya ce, "Baba, yau ba ranarmu ba ce?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Kallon nan har gobe yana idona. Jira yake in yi magana, in ce kawai ni ne ban buɗe ba. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. Da ya ga haka sai ya juya ya ce wa yaron, "Ranarku ce, Sarkin Noma. Ka yi haƙuri."

Yaron ya ce, "Ba komai, Baba." Ya juya ya tafi.

Na ɗauke katakon a lokacin, amma ruwan ranar ya riga ya ja baya, abin da ya gangara ko rabin hanya bai kai ba ƙasa ta shanye. Kashegari aka rufe babban kanal don a yashe ciyawa, aka ce kwana biyar, ya ɗauki kusan mako uku. Ga rana kamar ta dafa mutum. Na sama da suka sha ranar Laraba da Alhamis sun tsira da ƙyar. Shinkafar yaron ta tsaya a tsaye da kanta fari fat, in ka murza zangarniya ba komai sai ƙaiƙayi. Ƙarshe shanu aka kira suka cinye. Auren da aka sa bayan girbi sai da ya ƙara shekara guda.

Yaron bai yi rashin kunya ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya yi ya fi rashin kunya ciwo. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da Yaya. Yana gaishe shi safe da yamma, a durƙushe, amma gaisuwa ce irin ta maƙwabci. Ya daina hawa bayan babur ɗinsa. In Yaya ya ce "Sarkin Noma", sai ya amsa da "na'am" a hankali ba tare da ya ɗago ba. Abokinsa ya taɓa gaya mini abin da ya faɗa masa, wai ba shinkafar ce ta dame shi ba, abin da ya gane ne ranar, cewa in ruwa ya yi kaɗan mutum yana tuna wanda ya haifa da wanda bai haifa ba.

Ga inda nake jin kunyar rubutawa, amma in ban faɗa ba wannan takardar ba ta da amfani. Wata ɗaya bayan abin, ina zaune a zaurena da la'asar ina duba takardun jarrabawa, sai yaron ya yi sallama ya shigo ya zauna a gefen tabarmata. Bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya ɗauki jan biro yana juyawa a hannu, can ya ce, "Malam, ko in taya ka haɗa makin?" Muka yi aikin tare har aka kira magariba. Kashegari ya dawo. Daga nan ya zama kullum. In ya cire tumatir, kwandon farko gidana yake kawowa. In zai sayi taki ni yake tambaya, ni da ban kai Yaya sanin ƙasa ko da rabi ba. Jama'a, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a rayuwata. Shekara ashirin da biyar ina leƙen ɗana ta kan katanga, yau ga shi a tabarmata yana ba ni labarin gona. Kullum in ya tashi tafiya sai in ce gobe zan gaya masa, in goben ta zo in ji sallamarsa sai in ce a bari sai jibi. Wane irin mutum ne yake jin daɗin abin da ya san na wansa ne ya ƙwace?

Sau ɗaya tak muka yi maganar da Yaya. A bakin kanal ne, muna wanke ƙafa za mu tafi masallaci. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ticha, me ya hana ka ɗauke katakon nan?"

Na ce, "Kunya na ji, Yaya. Kada a ce don ɗana ne."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba irin tasa ba. Ya ce, "Yau dai na ji ka ce ɗana." Ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa. Can ya ce, "Bar shi haka. Ni na same shi shekara ashirin da biyar, na more. Kai ba ka taɓa samu ba. In ka faɗa masa yanzu, ni ba lallai ya dawo mini kamar da ba, kai kuma ka rasa shi, ya zama ba shi da kowa. Ka rufe bakinka."

Na riƙe wannan maganar gam kamar takardar izini. Duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni sai in ce ai Yaya ne ya ce in yi shiru, biyayya nake yi wa babba. Amma ina gani da idona yadda mutumin nan ya canza. Dariyar da muke ji ta kan katanga ta ragu har ta ɗauke. Ranar ɗaurin auren yaron shi ne waliyyi, ya yi duk abin da uba yake yi, amma da aka zo ɗaukar hoto yaron gefena ya tsaya. Yaya ya matsa baya yana gyara hula, wai rana ce take dukan idonsa.

Matata, uwar yaron, ita ma ba ta kiran sunansa, amma ba ta da wauta. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, ni fa abin nan na ruwa bai taɓa zauna mini ba. Yaya da zai cire rigarsa ya ba ɗan nan, shi ne zai shanye masa ruwa? Kuma makulli ai ba a hannunsa yake ba." Na ce mata maganar gona ba ta mata ba ce. Ta dube ni ta ce, "To, Allah Ya kyauta." Ba ta sake tayar da zancen ba, amma tun daga ranar in yaron ya kawo kwandon tumatir sai ta raba biyu ta aika da rabi gidan Yaya, ta ce a ce daga Sarkin Noma ne.

Da daminar da ta wuce Yaya ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kai shi asibiti a Kano, an dawo da shi, yanzu yana kwance a ɗakinsa da ke jikin katangar nan. Yana ji, yana gane kowa, amma magana ba ta fita sai da ƙyar, kalma ɗaya biyu. Yaron yana zuwa, shi yake ɗaga shi, shi yake sayo magani, ba abin da ya rage na haƙƙi. Sai dai yana gamawa yake tashi. Na sha ganin Yaya yana bin bayansa da ido har ya fita, leɓensa yana motsi.

Ranar Asabar da ta wuce matar yaron ta haihu, namiji. Duk unguwarmu ba wanda bai san cewa tun yana ƙarami yake faɗa ba, in ya haifi namiji sunan Babansa zai sa, wato Yaya. Yana faɗa Yaya yana dariya yana cewa, "Allah Ya nuna mana, in ga takwarana in koya masa tiyo." Ranar Lahadi da safe sai ga yaron ya shigo zaurena da jaririn a naɗe cikin tawul, ya durƙusa ya miƙo mini. Na karɓa, ni da shi kansa yaron ban taɓa ɗaukarsa haka ba. Ya ce, "Malam, ka yi masa huɗuba. Sunanka nake so ya ci."

Na yi kiran salla a kunnen jaririn, na yi addu'a, da na zo wurin suna sai harshena ya ƙi. Na ce, "A bar sunan tukuna, ai da sauran kwana." Yaron ya yi murmushi ya ce, "Malam ke nan, kara har a nan? Ai na riga na yanke." Ya karɓi ɗansa ya fita yana jin daɗi. Ya ɗauka kawaicin nan nawa ne da aka saba.

Kashegari Litinin na shiga aji na babbar sakandare. A cikin kalmomin da za mu yi ranar akwai guda biyu da na koyar ya fi sau ɗari, refrain da withhold. Na rubuta su a allo na fara bayani kamar kullum. Na ce ta farko ita ce mutum ya kame kansa daga abin da ransa yake so, kamar ka ji haushi ka ƙi ramawa. Ta biyu kuwa ita ce abu yana hannunka, wani yana da haƙƙi a kansa ko yana jiransa, ka riƙe ka ƙi saki. Na ba su misalai, na ce ana faɗarta a kan sakamakon jarrabawa in an riƙe shi, ana faɗarta a kan izini, a kan shaida, a kan gaskiya. Ina cikin rubuta misali na ƙarshe alli ya tsaya a hannuna. Duk rayuwata ina zaton ta farkon nake yi, har ana yabona. Ashe wanda ya yi ta farkon yana can kwance a jikin katanga. Ni ruwa na riƙe, na riƙe magana, na riƙe sunan ɗana shekara talatin, kuma ba ko ɗaya a ciki da yake nawa. Na ce wa yaran su kwafi abin da ke allo, na fita na tsaya a bayan aji har aka kaɗa ƙararrawa.

Jiya da yamma na shiga wurin Yaya, mu biyu kawai. Na zauna a bakin katifarsa na ce, "Yaya, yaron nan sunana yake son sa wa jaririn. Ina so in gaya masa maganar katako." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna ya matse, ya girgiza kai. Hawaye yana gangarowa ta gefen idonsa zuwa cikin kunne, yana girgiza kai. Na ce, "Kada in faɗa?" Ya yi ta ƙoƙari, bakinsa yana karkacewa, abin da ya fito kawai shi ne, "Sarkin Noma." Ban san me yake nufi ba. Kada in ɓata wa Sarkin Noma rai ne? Ko kuwa a dawo masa da Sarkin Nomansa? Na sake tambaya, ya rufe ido.

To ga ni nan. Suna ranar Asabar ne, a ƙofar gidanmu za a yi bayan sallar asuba, kuma tagar ɗakin Yaya a kan wurin take, duk abin da liman ya faɗa a kunnensa zai sauka. In na yi shiru, zai kwanta a nan ya ji an raɗa wa takwaran da aka yi masa alkawari sunana, saboda laifin da ni na yi shi ya ɗauka. Yaron kuma zai rayu yana zaton mutumin da ya goya shi a keke ya zaɓi gonarsa a kansa, kuma ban san kwana nawa suka rage wa Yaya da za a iya gyara wannan yana ji yana gani ba. In kuma na faɗa, na saɓa wa abin da Yaya ya ce mini da bakinsa lokacin yana da baki. Kuma da wane ido yaron zai dube ni? Shinkafar zai iya yafewa, na san zuciyarsa. Amma shekara huɗun da ya yi yana zama a tabarmata, yana kawo mini kwandon farko, ina karɓa ina sa albarka alhali na sani? Zan iya cewa kawai ya sa sunan Yaya ba tare da na ba da dalili ba, amma na san shi, zai ce kara ce, ya yi dariya ya sa nawa. Ko ya bi maganata ya sa sunan, zuciyarsa tana nan inda take, Yaya kuwa ba sunan kaɗai yake jira ba.

Ba na son in rasa shi. Na faɗa ƙarara, tunda ba wanda ya san ni a nan. Sau ɗaya na same shi a rayuwata, ta hanyar da ba ta dace ba, kuma ina tsoron ranar da la'asar za ta yi in ji shiru a ƙofar zaure.

Yau ma zai zo, yanzu haka an kusa kiran la'asar. Na shimfiɗa tabarmar, na ajiye makullin kwaɗon nan a kanta, don har yau yana wurina ko da yake an daɗe da canza katakon. Tun safe nake gwada kiran sunansa a hankali, in ya shigo in fara da shi, har yanzu bai fita ba.

Don girman Allah, ku da kuke da iyaye, ku da kuke da 'ya'ya, me zan yi?